Burodi Mai Kwana Goma

Tsohuwar wuƙarsa ta yanka kwaɓi yake nema a ɗakin ajiya, sai ya ci karo da wani ɗan buhu a bayan buhunan fulawa, an ci kusan rabinsa. Tsohon ya ɗebo farar hodar da ke ciki a tafin hannu ya sunsuna. Ba yis ba ce, ba gishiri ba. Shekara arba'in da ɗaya yana gasa burodi, bai taɓa ganin irinta ba.

Ya iske 'yarsa a bakin injin kwaɓi. Ita ke riƙe da gidan burodin tun da ciwon gwiwa ya zaunar da shi.

"Uwata, wannan fa?"

Ta kashe injin, ta daɗe tana goge hannu da tsumma.

"Maganin fumfuna ne, Baba. Babban kantin nan ba ya karɓar burodin da ba zai kwana goma ba. An yarda da shi, kowa na sawa."

"Kwana goma? Burodi ne ko bulo?"

"Da na ƙi, da mutum tara sun koma gida ba aiki."

Ya ja kujera ya zauna. A nan inda injin yake, da can tandar itace ce. Shi ke hura wuta, marigayiya mahaifiyarta na tsaye a taga tana miƙa wa mutane, ta san mai son ɓawo ya ƙone, ta san mai haƙori biyu da sai an zaɓo masa mai laushi. Burodinsu ba ya jira. Ya kwana biyu ya bushe, a na uku ya yi kore. Shi ya sa duk yamma takan cika kwando da abin da ya saura ta bi maƙwabta gida-gida, ta dawo da labarin haihuwa da na rashin lafiya, wani lokaci da ƙwai uku a ƙasan kwandon. Sai yanzu ya lura an jima kwandon bai fita ba. Shi duk zatonsa kasuwa ce ta yi kyau.

"Tun yaushe?"

"Wata biyar."

"Wata biyar ina ci ban ji bambanci ba. Lallai harshen nan ya yi ritaya ya bar ni."

Ba ta yi dariya ba. Ta dubi wani tire da aka rufe da farin ƙyalle a kan tebur na can baya.

"Ba shi kake ci ba, Baba. Na gida daban nake kwaɓawa. Tun da jikarka ta fara ƙaiƙayin nan likita ya ce a rage mata kayan leda da na gwangwani. Ban ce hodar ce ba. Hankalina ne kawai bai kwanta ba."

Ya buɗe baki zai yi magana, aka ƙwanƙwasa taga. Malama ce, wadda ta koyar da 'yar tasa a aji uku, yanzu tana jinyar mijinta da ba ya iya haɗiye komai sai burodi a jiƙe da shayi.

"Ina kwananku. A ba ni biyu, na maigida."

'Yar ta miƙa hannu ga jerin masu leda, ta tsaya. Tsohon ya dafa gwiwa ya miƙe. A hankali ya taka zuwa teburin baya, ya ɗauko tiren, ya kawo shi taga ya yaye ƙyallen. Ya zaɓi biyu masu laushi ya naɗe a takarda.

"Ku cinye kafin jibi, Malama. Wannan ba ya kwana."

"Da ma yaushe naku ya taɓa kwana?" ta ce tana dariya, ta wuce.

Bayanta akwai mutum huɗu a layi. 'Yar ta matso kusa da shi, ta yi ƙasa da murya.

"Guda shida ne kawai, Baba. Mu me za mu ci?"

Bai waiwayo ba, yana naɗe na uku.

"Yau mu ci na leda," ya ce. "Gobe ki tashe ni da asuba."