Ruwan da Nagoggo Ta Ba Baƙi

Tun da aka yi shela cewa 'yan kwamitin Majalisa za su zo daga Kaduna duba rijiyar gwamnati, Nagoggo mai fura ta hana kowa sakat a bakin iyakar Jibiya. Ita dai mace ce mai son jin ƙwaƙwaf. Ta tambayi fatake, ta tambayi direbobi, har ta tare Malam Lawal, ma'aikacin da aka haƙa rijiyar a hannunsa.

"Wai mi ne kwamiti, Malam?"

"Mutane ne, Inna. Gwamnati suka yi wa tambaya."

"Gwamnati? Wa ya isa?"

Malam Lawal ya dai shafa wuya ya wuce.

Rijiyar kuwa an ɗaure ta da siminti, ga kyau kamar ɗakin amarya, amma tun damina biyu ko ɗigo babu. Nagoggo kan kora jakinta da sassafe ta tsallaka iyaka zuwa ƙasar da Faransa ke mulka, ta ɗebo a wata rijiya can. Gwiwoyinta sun fara gajiya da wannan tafiya, ba kuwa abin da take so a duniya kamar a gyara ta kusa.

Ranar da baƙin suka iso, ta ajiye ƙwaryarta daf da rumfar da aka shimfiɗa musu tabarmi. Ashe mutane ne kamar kowa, ɗaya ma har da tari. Amma da shugabansu, wani dattijo mai tabarau, ya fara jero wa Malam Lawal tambayoyi, sai ta saki baki. Gaba nawa aka haƙa? Wa ya ce an cim ma ruwa? Mutumin da ko mai gari ke raɓe masa, yau ga shi yana in-ina. Abin ya yi mata daɗi, ya kuma ba ta tausayi.

Aka juya kan jama'a. Yaya rijiya? Kowa ya sunkuyar da kai ya ce sai godiya. To wa zai kai ƙara gaban baƙo, mai gari na zaune?

Rana ta take, dattijon ya nemi ruwa. Kafin a yi motsi Nagoggo ta cika moɗa daga tulunta, don ba za a ce baƙo ya kwana da ƙishi a gabanta ba. Ya shanye, ya lumshe ido.

"Madalla. Na rijiyar tamu ne, Inna?"

Malam Lawal ya zuba mata ido. Ta ji kunyarsa har cikin ranta, amma gwiwarta ta fi ciwo.

"Ranka shi daɗe, wanga na Faransa ne. Tamu ba ta da ko na alwala."

Nan take aka zura guga, ta fito da yashi. 'Yan kwamiti suka dubi juna, suka yi ta rubutu, mota ta kwashe su. Nagoggo ta koma gida tana gaya wa kowa cewa ta ga wurin da gwamnati ke jin tsoro.

Amsa kuwa ta zo, ba a daɗe ba. An ce da aka karanta a Majalisa cewa talakawan Ingila na shan ruwan Faransa, manya sun ji kunya ƙwarai. Aka sauya wa Malam Lawal wurin aiki, aka yi alkawarin masu haƙa bayan kaka.

Wata safiya ta koro jakinta, sai ɗan sandan kan iyaka ya tare hanya, yana kauda ido.

"Yi haƙuri, Inna. An hana shigowa da ruwa daga can."

"To masu haƙar hwa?"

"Ba a ce mana komi ba."

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta juya jakin, tulunan na ƙara a bayansa.