Ranar da Malam Shen Ya Zo Gidan Gamdan

Gamdan da Mahyub 'ya'yan wa da ƙani ne, daga ƙauye ɗaya a bayan Ta'iz ta ƙasar Yaman, kuma jirgi ɗaya ya kawo su Yiwu, birnin kasuwancin Sinawa. Ni na tarbe su, don ni ne babba a cikin mutanen yankinmu da ke nan, kowa Baffa Mukbil yake ce mini. Ban yi boko ba. Sinancin da nake yi a bakin direbobi da masu ɗaurin kaya na tsince shi, amma ya ishe ni yi wa mutane tafinta, da shi nake ci.

Gamdan ya fi Mahyub samu nesa ba kusa ba. Yana tura kwantenar kayan wasan yara Jidda da Aden, yana da mota, yana da gida mai faɗi. Mahyub ɗan kamasho ne, raka baƙi kasuwa yake yi a kan babur mai batir. Duk da haka ban taɓa ganin Mahyub ya sa sabon takalmi Gamdan bai tambayi inda ya saya ba. Akwai mutanen da ba sa jin daɗin abin hannunsu sai sun tabbata na ɗan'uwansu bai kai shi ba. Gamdan yana cikinsu, kuma na sha faɗa masa ido da ido.

Da Arwa, 'yar Mahyub, ta isa shiga firamare, ubanta ya zagaya gari ya samo mata wata ƙaramar makaranta a hayin kogi. Da safe Sinanci, da rana Turanci, kuma duk shekara suna ɗaukar 'ya'yan baƙi kaɗan. Kuɗinta bai kai rubu'in na babbar makarantar Turawa ba. Gamdan ya yi dariya har da riƙe ciki.

Ya ce, "Baban Arwa, can ka kai ta? Cikin 'ya'yan masu facin taya? To Allah ya ba da sa'a. 'Yata Sundus dai in lokacinta ya yi, inda ake iyo a cikin makaranta za ta."

Mahyub ya ce, "Iyo kam ko a kogin nan sai a koya mata, kyauta ma."

Shekara ta zagayo, al'amura suka juya. Kuɗin jirgin ruwa ya hau, kayan Gamdan suka maƙale a tasha, ya fara sayar da abin da bai yi niyyar sayarwa ba. Babbar makarantar ta fi ƙarfinsa, ko da yake bai faɗa da bakinsa ba. Sundus kuwa ta isa makaranta. Uwarta Intisar ta gaya masa a fili cewa in bana yarinyar ba ta sami wuri ba, za ta ɗauke ta su koma Alƙahira wurin yayanta, don ba za ta zauna tana kallon 'yarta tana girma a gaban talabijin ba. Intisar ba ta faɗar abin da ba za ta yi ba. Gamdan kuma, duk halinsa, ransa yana kan yarinyar nan.

Wata Juma'a bayan masallaci muna cin salta, miyar nan ta gida, a gidan abincin da muka saba, sai ga Lao Wu, mai masana'antar da Gamdan ke sayen kaya, shi da matarsa. Arwa tana gefen ubanta. Matar ta tambaye ta wani abu, yarinyar ta buɗe baki, Sinanci ya dinga zuba. Ta ba ta labarin malaminsu, ta kwaikwayi yadda yake tari kafin ya yi faɗa, matar tana dariya tana share ido. Lao Wu ya juyo ya ce in gaya wa Mahyub, in mutum ya rufe ido sai ya rantse 'yar unguwarsu ce. Na faɗa. Gamdan, wanda ya fi shekara goma a garin amma Sinancinsa bai wuce ƙirga da "ya yi tsada" ba, ya ajiye gurasar da ke hannunsa. Bai ƙara cin loma ba.

A mota ya ce mini, "Aku ma ai yana magana."

Na ce, "Yana yi. Kai ne dai har yanzu ba ka kai aku ba."

Cikin makon ya sa ni na raka shi hayin kogi. Aka ce gurbin baƙi ɗaya ya rage, kuma ba mu kaɗai muke nema ba. Aka ce kafin a yanke, malamin aji ɗaya, Malam Shen, zai zo gida ranar Asabar da rana, kamar yadda suke yi wa duk yaron da zai shiga.

Ni 'ya'yana sun girma a Yaman, ban san me ake yi a irin wannan zuwan ba. Na ce wa Gamdan ya tambayi Mahyub, tunda an je gidansa bara.

Ya ce, "In tambayi Mahyub? Yaron da ni na nuna masa yadda ake hawa lifta?"

Amma bai iya haƙura ba. Da suka haɗu a ofishin masu kwantena, ya jefa tambayar kamar da wasa. "Wai malamin nan da ya je gidanka, me ka ba shi ya ci?"

Mahyub ya ce, "Ruwan zafi. Shi ma bai shanye ba."

"Ruwan zafi. Baƙo ya tako har gidanka."

"Ba ci yake zuwa yi ba, Baban Sundus. Yarinyar yake son gani, da inda za ta..."

Gamdan ya ɗaga hannu. "Riƙe shawararka, ɗan baffa, na gode. Kowa da yadda aka koya masa karɓar baƙo."

Da muka fito ya ce mini, "Ka ji shi ko? So yake in yi irin tsiyar da ya yi, don kada a ga bambanci."

Ranar Asabar na isa gidan na tarar an kwashe komai daga falo. Kujeru, tebur, har ɗan teburin Sundus da littattafanta masu hoto, duk an tura su baranda an rufa musu leda. An shimfiɗa darduma, an jera matasai jikin bango kamar majalisar gida. Turaren wuta ya cika ko'ina. Maza sun fi goma a zaune, abokan kasuwancinsa, kowa da rawani a kafaɗa. Rago guda aka yi mandi da shi, shinkafa da nama irin namu. Mahyub kaɗai ba a gayyata ba.

Malam Shen saurayi ne siriri mai tabarau, ya zo a kan babur da jaka a baya. Da aka buɗe masa ƙofa ya ga taron, sai ya ja da baya ya sake duba lambar gidan. Gamdan ya rungume shi, ya sumbaci kafaɗarsa, ya ja shi har tsakiyar majalisa ya zaunar. Mutumin bai saba zaman ƙasa ba, ya rasa inda zai kai ƙafafunsa.

Ya ce mini a hankali, "Ina yarinyar?"

Na gaya wa Gamdan. Ya ce, "Ce masa sai an ci abinci. Mu ba ma tambayar baƙo abin da ya kawo shi da yunwa a cikinsa."

Malam ya ce ya ci abinci, kuma akwai wasu gidajen da ke jiransa. Ba wanda ya kula. Aka kawo tire, Gamdan ya yago naman kafaɗa da hannunsa ya tara masa a gaba. Malamin ya ɗan taɓa shinkafa. Ya sake tambayar yarinyar. Aka zuba masa shayi.

Can aka shigo da Sundus cikin riga mai ƙyalli, da sarƙar uwarta a wuya, an sa mata kwalli. Ta ga maza cike da ɗaki, ta daskare. Ubanta ya ce ta gaishe da malam da kalmomin da ya sa aka haddace mata. Ta faɗa. Malam Shen ya durƙusa daidai tsayinta, ya ciro fensir mai launi daga jaka, ya ce ta zana masa duk abin da take so. Yarinyar ta miƙa hannu ke nan Gamdan ya ce, "To ya isa, koma wurin mamarki, manya na zaune." Aka fitar da ita.

Na ce masa da harshenmu, "Kai, don ita ya zo. Dawo da ita."

Ya ce, "Baffa, 'yata ba za ta zauna cikin maza tana zane a ƙasa ba. Ya gan ta ai. Ya ga ba irin ta Mahyub ba ce."

Malam ya tambayi inda za ta riƙa yin aikin gida, da wanda zai zauna da ita in tana yi. Gamdan ya nuna falon da hannu, ya ce duk gidan nata ne, in ana so ma zai ɗauko mata malamai biyu. Malam ya dubi matasai, ya dubi ƙasusuwan rago, ya gyaɗa kai.

Da ya tashi tafiya aka kawo kwalbar zumar magarya, irin wadda ake kai wa manya, da agogo a cikin akwatinsa. Fuskar Malam Shen ta sauya. Ya sa hannu biyu ya tura, ya ce an hana su, ko alawa ba sa karɓa. Na fassara, na ƙara da nawa: "Da gaske yake. Wannan ba kunya ba ce."

Gamdan ya yi murmushi. "Kowa haka yake cewa. Lao Wu ma sai ya ƙi ya ƙi, sannan ya karɓa."

Ya raka shi ƙasa da kansa. Sai daga baya na sani, lokacin da malamin ke ɗaura hular kwano, Gamdan ya zura zumar da agogon cikin akwatin babur ɗin. Ya hawo yana goge hannu, ya ce wa jama'a, "A kai wa mai ruwan zafi labari."

Ranar Litinin aka kira ni makarantar. Shugabar, wata dattijuwa mai gajeren gashi, ta ajiye zumar da agogon a kan tebur. Malam Shen ne ya kawo mata da sassafe, don in aka gan su a wurinsa aikinsa ya tafi. Ta ce ba ta zargin kowa da mugun nufi, ta san baƙi da al'adunsu. Amma gurbi ɗaya ne, iyaye da yawa suna kallo, in ta ba gidan da ya aiko da agogo, babu wanda zai yarda ba saya aka yi ba. Ta ce malamin ma bai sami abin da zai faɗa game da yarinyar ba, don bai ji ta yi maganar kanta ko sau ɗaya ba.

Na kai wa Gamdan kayansa ofis. Ina cikin yi masa bayani sai ga Mahyub, labari ya riga ya kai masa. Bai zauna ba. Ya ce matarsa tana cikin iyayen da ke taimaka wa makarantar ranar wasanni, shugabar ta san su, tana ganin mutuncinsu. Ba a ba kowa gurbin ba tukuna. In Gamdan ya yarda, gobe su tafi tare, Mahyub ya tsaya masa, ya yi bayanin cewa haka muke karɓar baƙo, a roƙi a sake zuwa ganin Sundus, ko a gidan Mahyub ne, ita da Arwa.

Na ce wa Gamdan, "Tashi ka yi masa godiya."

Gamdan ya daɗe yana juya akwatin agogon a hannunsa. Sannan ya ce, "A gidanka."

"Ko a naka. Duk inda ka ga dama."

"A ce 'yata ta shiga makaranta da alfarmar Mahyub. Duk Juma'a in zauna cin abinci kana kallona kana tunawa."

Mahyub ya ce, "Wallahi ba zan taɓa faɗa ba."

"Ba sai ka faɗa ba. Ka san abin da mutumin nan yake zuwa yi, ka bar ni na yanka rago."

"Na fara gaya maka ka ɗaga mini hannu."

"Da kana so in ji, da ka ƙarasa."

Na ce masa abin da ya kamata a ce masa. Na ce 'yarsa ake magana, ba shi ba. Na ce Intisar ta riga ta fara tambayar kuɗin jirgi, kuma shi ya fi kowa sani. Na ce kuskuren ranar Asabar rashin sani ne, Allah yana yafe shi, mutane ma suna yafewa, amma wanda zai yi yanzu da idonsa buɗe zai yi shi. Ya saurare ni har na gama, don bai taɓa katse ni ba, wannan kam na ba shi. Sannan ya ce wa Mahyub ya gaida gida.

An ba wata yarinya 'yar Iraƙi gurbin. Kafin a buɗe makarantu Intisar ta ɗauki Sundus suka tafi Alƙahira. Ni na kai su tashar jirgin ƙasan da zai kai su filin jirgin sama, don Gamdan ya ce yana da baƙi daga Jidda. Ba shi da wasu baƙi. Da na dawo na same shi a ofis shi kaɗai, ya tambaye ni ko yarinyar ta yi kuka. Na ce ta yi, har jirgi ya tashi tana tambayar me ya sa bai zo ba. Can ya ce wai ya ji an ce Arwa ce ta zo ta biyu a ajinsu, ko gaskiya ne.

Na ce masa ta ɗaya ta zo.