Ruwan Alwala a Kan Littafin Jamus

Tun da aka sauke akwatunan a ƙofar zauren nuni na Lusail, kusa da Doha, hankalin Ɗalhatu bai kwanta ba. Akwatunan katako ne masu launin toka, kowanne da 'yar na'ura a gefe tana ƙyafta jar fitila. Ya daɗe yana aikin ɗaukar kaya a Doha, ya ɗauki gumakan dutse, ya ɗauki madubai da suka fi shi tsawo, bai taɓa jin tsoro ba. Amma wannan karon da ɗansa Ja'afar yake aiki. Sai da ya yi ta zarya wurin kafil, mai ɗaukar nauyin zamansu a ƙasar, kafin a yarda a kawo yaron daga Zariya, kuma har yanzu yana lokacin gwaji. Kuskure ɗaya ya isa a sa Ja'afar a jirgi, ya koma ya tarar da matarsa Kausar da tsohon ciki, hannu biyu babu komai.

Kayan na wani babban ɗakin karatu ne na gwamnati a Jamus, aro aka ba da don a nuna wa jama'a. Tare da su aka turo wata Bajamusa mai furfura, Madam Henrike, wadda aikinta kula da tsofaffin littattafai. Kafin a buɗe komai ta tara su, tana magana a hankali, Rashad ɗan Sudan, shugaban ma'aikata, yana maimaitawa da ƙarfi.

Ta ce ɗakin karatun ya fara ne daga littattafan wani basarake, a ɗaki guda cikin fadarsa. Sarakuna suka yi ta ƙarawa, matafiya suna kawowa daga Sin da Farisa da ƙasashen baƙar fata, har suka zama miliyoyi. Da babban yaƙi ya zo, aka kwashe su a jiragen ƙasa aka ɓoye a ramukan haƙar gishiri da gidajen ibada na ƙauye. Bama-bamai suka rushe ginin. Wasu littattafan suka ƙone a inda aka ɓoye su, wasu ba a sake jin labarinsu ba. Bayan yaƙi ƙasar ta rabu biyu, littattafan ma suka rabu, sai bayan shekaru masu yawa aka sake haɗa su.

«Abin da ke cikin akwatin nan ya tsira daga wuta,» in ji ta. «Ina son ya tsira daga gare mu.»

Ba wanda ya yi dariya sai Ja'afar.

«Baba, ka ji? Littafi ya fi ni yawon duniya.»

«Rufe bakinka, ka buɗe idonka.»

Da hantsi aka zo kan wani ƙaramin akwati. Madam Henrike ta fiddo wata gafaka ta jar fata, irin wadda malamai ke rataya littafi a ciki, ta zaro takardu warware marasa ɗinki. Ɗalhatu ya matso ya duba. Rubutun gida ne. Manyan baƙaƙe masu kauri, wasulla da jar tawada, ayoyin Alƙur'ani a sama, wa'azi da ajami a ƙasa. Ta ce wani matafiyi ne ya samo shi wurin fataken Hausawa fiye da shekara ɗari da suka wuce. Ta ajiye shi, ta ce bayan hutun rana za a sa shi a akwatin gilashi, kuma mutum biyu za su riƙe murfin: Ɗalhatu da ɗansa.

Suka yi sallar Azahar a ɗakin ma'aikata, suka ci shinkafar da suka zo da ita daga masaukinsu na Asian Town. Ja'afar ya ɗan kishingiɗa har barci ya sace shi. Da Rashad ya leƙo yana cewa «Yalla, yalla,» wato a koma aiki, yaron ya miƙe zai wuce, uban ya riƙo hannunsa.

«Ina za ka? Ka yi barci. Je ka sake alwala.»

«Baba, ai ba taɓawa za mu yi ba. Gilashi kawai za mu riƙe.»

«Ayar Allah ce za ka tsaya a kanta. Shekara da shekaru tana hannun waɗanda ba su san alwala ba. Yau ta ga 'yan gida, mu ma mu zo mata haka?»

Ja'afar ya tafi da gudu ya dawo, fuskarsa na sheƙi. Ya miƙa hannu zai yagi takardar goge hannu da ke bango, uban ya ture hannun. A gidansu ba a goge ruwan alwala. Haka Ɗalhatu ya taso ya ga mahaifinsa na yi, a bar shi ya bushe da kansa, zunubai na zuba tare da shi. Tafin hannu kaɗai ya bari yaron ya share, saboda safar hannun da za su sa.

Zauren ya yi sanyi kamar cikin firji, babu ƙarar komai sai ta na'urar iska. Suka ɗaga murfin gilashin, kowa da gefensa. Madam Henrike ta shimfiɗa takardun, ta buɗe shafin da za a nuna, ta juya ta ɗauko abin auna haske. Murfin na da nauyi. Ja'afar ya sunkuya don ya gyara riƙo, kansa ya shiga ta ƙarƙashin gilashin.

A nan Ɗalhatu ya ga ɗigon ruwan alwalar. Yana rataye a ƙarshen gemun yaron, yana kumbura a hankali, fitilar zauren na haskawa a cikinsa. Ya buɗe baki zai yi magana. In ya yi tsawa yaron zai zabura. In ya saki murfin zai fashe a kan littafin. Yana cikin wannan tunani ɗigon ya saki.

Ba a ji sautinsa ba. Ya sauka a tsakiyar wani layi na ajami. Ɗalhatu ya yi makarantar allo, ya san tawadar gawayi da ƙaro, ya san an yi ta ne yadda ruwa zai wanke ta. Yana kallo baƙin ya fara narkewa, harafi ya shiga cikin harafi, wurin ya zama tabo kamar ƙwayar wake.

Ja'afar bai gani ba. Madam Henrike ce ta juyo ta gani.

Ba ta yi ihu ba, kuma hakan ya fi ihun ban tsoro. Ta ce su ajiye murfin a ƙasa. Ta ɗauko wata farar takarda mai shan ruwa ta ɗora a gefen tabon. Ta ɗaga kai ta dubi rufin zauren tana neman inda ya yoyo. Rufin a bushe yake. Sai idonta ya sauko kan gemun Ja'afar.

Aka kai su ofishin Rashad. Ya kunna hoton kyamara, ya tsayar da shi daidai inda yaron ya sunkuya.

«Khalas, magana ta ƙare,» in ji Rashad. «Ɗalhatu, ka san yadda abin yake. Jamusawa za su nemi suna, kamfani zai ba su suna. Yaro yana gwaji, shi ya fi sauƙi.»

Ja'afar ya tsaya yana murza gemunsa da ya riga ya bushe.

«Koma da hoton baya,» in ji Ɗalhatu. «Akwai kyamara a bakin ɗakin ma'aikata.»

«Me zan gani a can?»

«Koma dai, ya Rashad.»

Ya koma. Ga yaron yana miƙa hannu wurin takardar goge hannu. Ga uban yana ture hannun. Rashad ya kalla, ya sake kalla, ya jingina da kujera.

«Ka san abin da kake nuna mini?»

«Na sani. Ya so ya goge, ni na hana shi. Ni ne babba a wurin.»

«Baba…»

«Ban ce ka yi magana ba.»

Rashad ya dubi tagar da ke fuskantar dogayen gine-ginen Lusail, inda ƙarfen ɗaga kaya ke juyawa cikin rana. Daga baya ya miƙo hannu. Ɗalhatu ya cire katin aikin da ke wuyansa ya ba shi, aikinsa ya ƙare ke nan. Rashad ya ce yaron zai zauna, amma ido na kansa.

A hanyar fita suka wuce ƙofar zauren. Madam Henrike na sunkuye a kan shafin da madubin ƙara girma. Ta ɗago, ta ce ayar ba ta taɓu ba, kalma biyu ne na wa'azin suka tafi, kuma ba za su dawo ba.

Motar ma'aikata na jira a waje. Ja'afar ya raka uban har bakinta. Akwai sauran akwatuna da ba a buɗe ba, kuma gobe da wani za a haɗa yaron riƙon murfi.

«Baba, goben… in yi alwalar, ko in bari?»

Ɗalhatu ya sa ƙafa ɗaya a matakalar mota. Ya ciro ƙaramin tawul ɗin da yake share gumi da shi, ya tura a aljihun ɗansa.

«Ka yi,» ya ce. «Ka goge.»