Darasin Asabar a Ɗakin Baba Makhluf

Ƙarfe takwas na safiyar Asabar, ana yayyafi mai sanyi a garin Sefru na ƙasar Maroko, Ustaz Lahbib ya tsaya a ƙofar gidan Baba Makhluf da motar haya, lasifika a hammata.

Umarni ne ya zo daga sama, a koya wa yara tarihin kisan ƙare-dangin da aka yi wa Yahudawa a Turai, don abin da suke kwasowa a waya ya fara yawa. Yau mai duba makarantu, Lalla Zhor, za ta zauna a ajinsa. In darasin bai yi kyau ba, ƙauyen kan dutse da ya baro za a mayar da shi. Shugaban makaranta, Si Bushta, ya ce darasi sai da kayan aiki: taswira, lasifika, da Bayahude ɗaya. Duk garin kuwa Baba Makhluf kaɗai ya rage.

Tsohon ya leƙo cikin jallabiya biyu, ya dubi motar.

"Ɗana, yau wace rana?"

"Asabar, Baba."

"To?"

Sai a lokacin Lahbib ya tuna Asabar ranar hutun ibada ce ga Yahudawa. Yau tsohon ba ya shiga mota, ba ya taɓa lasifika, ko hoton da ya yi alkawarin nunawa ba zai fito da shi waje ba. Ya kira Si Bushta a waya.

"Ka ce masa Lahadi ce, ai tsoho ne."

"Na riga na gaya masa, ranka ya daɗe."

"To a kafa wa mai gadin makaranta hular Yahudawa, ya zauna ya yi baƙin ciki."

"Rabin ajin jikokinsa ne fa."

Haka Lahbib ya sallami motar, ya jero ajin a ƙafa cikin ruwa zuwa gidan tsohon. Si Bushta na riƙe da taswira a ka, Lalla Zhor na baya da lema.

Ɗakin ƙarami ne, yara har kan gado. Wani mai suna Ilyas ya ɗaga hannu.

"Baba, ina bankinka? A waya an ce duk bankunan duniya naku ne."

Tsohon ya nuna bokitin da ke tarar ɗigon rufi. "Ga shi nan. Tun jiya ake ajiya."

Da dariya ta lafa ya nuna hoton da ke bango. "Yayana Amram ke nan, tela. Ya tafi Faris da almakashinsa. Wata safiya aka kwashe shi da matarsa da 'yarsu, aka zuba su a jirgin ƙasa na shanu."

Sai haƙoransa suka fara haɗuwa. Ya dubi na'urar ɗumama ɗaki da ke lungu a kashe.

"Kai, yau akwai sanyi."

"Wallahi akwai," in ji Si Bushta. "Bara ma haka aka yi, har famfonmu ya daskare."

"Sanyi ƙwarai," tsohon ya sake cewa.

Si Bushta ya gyara zama, ya shiga bayanin sanyin shekarun baya. Lahbib ya miƙa kwat ɗinsa, tsohon ya ɗora a kan jallabiya biyun, ya ce har yanzu da sanyi. Yara suka fara mintsinin juna. Lalla Zhor ta dubi agogo, ta miƙe. Lahbib har ya fara hango akuyoyin ƙauye.

Amma ba ƙofa ta nufa ba. Ta tsallake yara ta je lungu, ta kunna na'urar, ta ɗan gasa tafin hannunta kamar don kanta ta kunna. A tsohuwar unguwar Yahudawa ta girma, ta san ran Asabar ba sa kunna wuta, ba sa kuma cewa a kunna musu. Sai dai su yi ta zancen sanyi har maƙwabci ya gane.

Baba Makhluf bai ko dube ta ba. Ita ma ba ta jira godiya ba. Ta koma ta zauna, ta jefa alƙalaminta cikin jaka.

"Ustaz, ka ce su yi shiru. Baba, 'yar tasa, yaya sunanta?"

Tsohon ya miƙa ƙafafunsa wajen ɗumi.

"Sultana," ya ce, ya ci gaba.