Ranar da Tsohon Ƙarfe Ya Nemi Hutu

Tun da na fara aiki a siton kaya ban taɓa neman hutu ba, a je a tambayi kowa. Na shiga wurin ina ɗan dako gashina baƙi wuluk, yanzu ina tsaron ƙofa kaina fari fat. Manajoji sun zo sun tafi, babu wanda ya taɓa tarar da kujerata babu kowa. Tulin buhunan siminti ya taɓa rushe mini a ka, na fito ina kaɗe riga. Babbar mota ta taɓa yin baya ta matse ni da bango, bangon ne ya tsage. Ban yi makaranta ba, ko sunana ban iya rubutawa ba, amma na ga masu takardu da yawa da iskar fanka ta kwantar. Shi ya sa yaran sito suke kirana Tsohon Ƙarfe, ni kuwa ina amsawa, don ba ƙarya suka yi ba.

Ina zaune ne a gidan Auta, 'yata ta ƙarshe. Tun da uwarta ta rasu ta hana ni zama ni kaɗai, ta ba ni ɗakin da ke kusa da ƙofa. Mijinta direban babbar mota ne, ya fi sanin hanya fiye da gadonsa. Ɗansu bai cika shekara biyu ba, muna ce masa Gwamna, saboda in ya buɗe baki kowa a gidan sai ya miƙe tsaye.

Auta ta sami aiki a kamfanin ɗinkin kayan makaranta, amma na gwaji ne tukuna, sai an ga hannunta za a tabbatar da ita. Dole aka kai Gwamna gidan reno. To daga nan yaron da ko atishawa ba ya yi ya zama ɗan kasuwa, kowane mako da sabon kayan da ya saro mana. Yau mura, gobe ciwon ido, jibi gudawa, kafin a farfaɗo sai ga ƙuraje. Su kuma masu gidan reno suna da doka, yaro mai zazzaɓi ba ya zama a cikin yara, kuma ba ya dawowa sai ya yini ya kwana jikinsa a sanyaye. Ban ga laifinsu ba. Sai dai duk lokacin da wayarsu ta shigo, Auta ce take tashi daga kan keke ta bar ɗinki rabi. Hutunta ya narke kamar gishiri a ruwa, na mijinta ma ya bi bayansa.

Shugabar sashensu ta ja ta gefe ta ce ita ma uwa ce, ta san zafin abin, amma layin ɗinki ba ya jiran kowa. Ta ce akwai ranar da masu duba aiki za su zo daga babban ofis, su bi keke keke su ga hannun kowace mai gwaji. Wadda ba ta nan a ranar, to sai dai ta nemi wani wuri.

Kamar da gayya, ana gobe za su zo Gwamna ya dawo daga gidan reno jikinsa kamar garwashi. Da safe na tarar da Auta a bakin gado da rigar aiki, takalmi ɗaya a ƙafa, tana ta kiran waya. Mijin yana can wata uwa duniya da lodi. Ƙanwarsa ta yi nisa. Maƙwabciyarmu, wadda duk layin ke kira Rediyo, ta ce tana da jariri, ba za ta shigo da zazzaɓi ɗakinta ba. Na ga Auta ta fara cire takalmin nan guda ɗaya, sai na ce mata ta mayar da shi.

"Baba, kai da ba ka taɓa fashin aiki ba?"

"Ban taɓa ba saboda ba a taɓa samun abin da ya isa ba. Jira ni, yanzu zan dawo."

Siton ba nisa. Na shiga ofishin Manaja, wani yaro mai tabarau da na girmi ubansa, na tsaya ina murza hula. Ashe neman hutu ma sana'a ce, ni kuwa ban koye ta ba. Kuma ta yaya mutumin da yake ɗaukar buhu biyu a kai zai ce zai je renon jariri? Yaran sito har waƙa za su yi mini. Sai kawai na ce yau ba zan zauna ba, akwai lalura. Manaja ya cire tabarau ya dube ni, ya jawo mini kujera, ya tambaya ko a kai ni asibiti. Na ce ba sai an kai ni ko'ina ba, abu ne da zan ji da shi a gida ni kaɗai.

Na fito na kira Dogo, shugaban 'yan dako, na ciro makullai daga ƙuguna na miƙa masa. Makullan nan ba su taɓa kwana a hannun wani ba. Na nuna masa kwaɗon da sai an ɗaga shi sama yake buɗuwa, da wanda yake son mai, na ce ya riƙa ba karen bayan sito ruwa, kada ya manta da shi. Ya karɓa da hannu biyu idonsa jajir. Na ɗauka ƙurar siminti ce.

A gida Auta ta yi mini karatu a tsaye. Ta ɗaura jan zare a jikin sirinjin magani, ta ce iyakar nan zan ja, kada na wuce. Ta nuna mini abin auna zafi, in ya haska kore lafiya, in ruwan ɗorawa a ba shi magani a goge shi da tawul, in ja kuwa na kira ta ko tana gaban waye. Da ta zo kan yadda ake ɗaura kunzugu na ce ta riƙe iliminta, na ɗaure lodin da ya hau duwatsu ya sauka ko buhu ɗaya bai zame ba. Ta sumbaci ɗanta ta fita da gudu.

To, buhu ba ya shure-shure. Wannan shi ne abin da ban lissafa ba. Kunzugun farko na sa shi gaba a baya, na biyu ya fizge ya jefa ƙarƙashin kujera. Abin auna zafi ya haska ruwan ɗorawa, na ja magani daidai zare, Gwamna ya karɓa kamar mutumin kirki, ya riƙe a kumatu, ya feso mini a gemu. Na tuna Auta ta ce in ya tofar kada na ƙara nan take, sai na koma kan tawul da ruwa. Ya ƙi gado, ya ƙi tabarma, ya ƙi kowa sai kafaɗa. Na yi ta zarya daga ƙofa zuwa taga ina yi masa waƙar da muke yi in muna sauke kaya, har ya saki amai mai ɗumi daga wuyana zuwa ƙugu. Na tuɓe rigar. Can wajen tsakar rana ya yarda ya sha maganin, jikinsa ya ɗan yi sanyi, ya yi barci a ƙirjina. Na kishingiɗa a doguwar kujera, na ja mayafi na rufe mu, na ce ko gobara ce ba zan motsa ba.

Ban san abin da na baro a sito ba. Ashe tun fitata babu wanda ya ɗaga buhu da daɗin rai. Sun ce mutumin da mota ta matse bai tafi gida ba, yau ya miƙa makullai har da wasiyyar kare, ai magana ta ƙare. Lokacin hutun cin abinci suka cika bayan motar sito, har da Manaja a gaba, da ledojin lemo da ayaba, suka taho.

Na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa a hankali. Na yi shiru, don in na amsa yaron zai tashi. Aka sake, na sake yin shiru. Rediyo kuwa da ta leƙo ta ga ƙarti sun jeru a ƙofarmu kowa kansa a ƙasa, ta tambayi Dogo, ya ce tsohon ya miƙa makullai da safe, yanzu kuma ba ya amsawa. Ba ta jira ƙarshen zancen ba ta danna wa Auta waya.

Suka turo ƙofa suka shigo. Ga ni a miƙe, ido a rufe, mayafi har wuya. Dogo ya fara salati. Na buɗe ido ɗaya na ɗaga gefen mayafin suka ga kan Gwamna.

"Duk wanda ya tashe shi," na ce ƙasa ƙasa, "shi zai yi zaryar."

Ban taɓa ganin ƙarti suna dariya babu sauti ba sai ranar. Wani ya cusa hula a baki, wani ya fita waje da rarrafe. Manaja ya jingina da bango tabaransa na rawa. Ina shirin ba su amsar da ta dace da su sai wayata ta yi ƙara, Dogo ya cafke ta ya kara mini a kunne.

Auta ce, tana kuka. Ta ce tana kan matakala da jakarta, masu duba aiki saura keke biyu su iso nata, amma ta taso, ga ta nan zuwa. Na ce ta koma, lafiyata ƙalau, Gwamna ma barci yake.

"Baba, ranar da buhuna suka danne ka ma lafiya ƙalau ka ce. Ranar mota ma haka. Kai ko ana yanka ka lafiya ƙalau za ka ce."

Manaja ya karɓa ya rantse mata, ta ce ai dama haka ake yi, kowa ya ɓoye har sai mutum ya iso. Ina jin ƙarar takalminta tana sauka. Nan na gane babu wata magana mai daɗi da za ta tsayar da yarinyar nan, don duk na riga na kashe su tun tana ƙarama. Na dubi yaran sito sun yi cirko-cirko, kunnuwa a buɗe. Na ce a dawo mini da wayar.

"To tsaya ki ji. Na gaji. Bayana kamar an daka shi a turmi. Ɗanki ya yi mini amai har cikin wando, ya fesa mini magani a gemu, hannuna na hagu ya mutu a ƙarƙashinsa ban isa na zare ba. Tun safe ko ruwa ban sha ba, kuma fitsari nake ji tun ɗazu. Hutun reno na ɗauka, reno, ga su nan duk suna ji. In kika bar aikin nan kika zo, wahalar nan da na sha ta tafi a banza, kuma ba zan yafe ba."

Ƙarar takalmin ta tsaya. Sai kuma na ji wani abu tsakanin kuka da dariya. Ta tambaya wane launi abin ya haska. Na sa Dogo ya ɗora wa yaron a goshi, ya ce kore. Ta ja hanci ta ce na ba ɗaya daga cikinsu yaron ya riƙe, na je na kama ruwa, ta kashe waya.

Dogo ne ya karɓe shi, yana riƙe da shi kamar kwalin gilashi. Da na dawo na tarar sun ɓare mini lemo, suna gardamar wanda ya fara cewa na mutu. Manaja ya ce hutun da na tara a wurinsu zai iya rakiyar Gwamna har jami'a, in kawai zan riƙa faɗin dalili kada na kashe masa ma'aikata da fargaba. Na ce to ya rubuta gobe ma, dokar gidan reno ce, sai yaro ya yini ya kwana. Rediyo ta leƙo ta taga tana ba da haƙuri, na ce ta je, ai ba don ita ba da labari bai san hanya ba.

Da yamma Auta ta shigo. Ta taɓa goshin Gwamna, ta ciro wani kati mai igiya daga jaka, irin wanda sai tabbatattun ma'aikata ake ba, ta rataya masa a wuya. Nan take ya kai baki. Ta ce ta koma kan keke kafin su iso, ɗinkin ya fita tsaf, shugabarsu ma ta ce a gaishe ni da jiki.

Ta shiga ɗaki ta fito da kwalbar man zafi, ta ce na juya. Na ce ba na bukata. Ta ce ta sani. Na ce to tunda ta riga ta buɗe kwalbar, ta ɗan yi ƙasa, wajen hagu.