Albasa a Jikin Bango

"Sa hannunki nan," na ce da Souwaiba, na kama tafinta na danna a gindin bangon ɗakinmu. Lakar ta lotsa kamar tuwo. Daga nan tsaga ta tashi, ta bi bayan gadon Inna har kusa da rufi.

Souwaiba ɗiyar maƙwabcinmu ce, Baba Issouf, bangon laka ɗaya ya raba mu. Ta janye hannu ta goge a zane. Inna, mahaifiyata, tana kwance tana kallonmu, shekara biyu ke nan ƙafafunta ba su ɗauke ta ba. Ɗakin nan ɗaya gare mu, mijina kuma yana Tchibarakaten wajen haƙar zinariya.

"Anti Tabawa, ki yi haƙuri," in ji ta. "Lokotoro a asibiti ya ce zuciyar Baba ta kumbura, ko buta kada ya ɗauka. In ba don shukar ga ba, ba ya tashi daga tabarma."

Baba Issouf mutumin Tabelot ne, a garka, wato lambu, ya girma, a garka ya tsufa. Da ambaliya ta cinye garkarsa, ɗiyarsa ta kawo shi gari ya huta. Ina hutu? Bai yi wata ba ya cika tsakar gida da tomati cikin tsofaffin tayoyi da salati cikin bido, jarkar roba, da aka yanke. Mun ci kuwa, ba zan ɓoye ba, miyarmu ta yi ja a shekarar nan. Daga baya ya ɗaga fangali uku da tubali, tsayin gwiwa, ya jingina su da bangonmu don inuwar yamma, ya dasa albasar iri. Ban ruwa kuma irin na garinsu yake yi, sai ruwa ya kwanta a fangali ya yi shiru. A Tabelot ƙasa ce ke shanyewa. A nan bangona ne.

Na kira Bahago magini. Ya soka ƙusa a gindin bangon, ta shige har kai ba tare da guduma ba.

"Wanga bango ya ruɓe," ya ce. "Yana iya kai wata, yana iya tahiya gobe. A kwashe ƙasar can baya, a bar shi ya sha iska."

Ko mayafi ban gyara ba na shiga gidansu. Na tarar da tsohon zaune a kan buhu, rawani ya rufe masa baki, yana kallon albasarsa. Ta yi tsayi har ƙugu, kowace da farin kai, ƙudan zuma na yawo a kai.

"Baba, bango zai hwaɗa ma Inna."

"Ɗiyata, kwana ashirin," ya ce yana haki. "Iri ya kusa ƙosawa. Kawuna tara na tsamo daga cikin laka ranar da ruwa ya tahi da garka. Irin ubana ne, babu shi a kasuwa."

"To albasarka ta hi ran uwata ke nan?"

Ni dai an san ni da baki, amma wannan ta fita kafin in tauna ta. Ya dube ni, ya dogara sanda, ya bi ni har ɗakinmu. Ya gaida Inna, ya durƙusa da ƙyar ya taɓa gindin bangon. Ya daɗe hannunsa na wurin. Da ya miƙe, Inna kawai ya ce wa Allah ya ƙara sauƙi.

Washegari da hantsi na ga Souwaiba ta fita karɓo masa magani. Ba a jima ba na ji ƙarar hauya ta bayan bango. Sara ɗaya, shiru, sannan jan wani abu a ƙasa. Sara ɗaya, shiru. Na san babu kowa a gidan sai shi. Na san abin da lokotoro ya ce.

"Tabawa, wa ke aiki can?" in ji Inna.

"Ƙila sun ɗauko ɗan aiki," na ce.

Ƙarya na yi. Ina zaune ina tsince shinkafa, kowane sara ina jin sa a ƙirjina. Sau biyu na miƙe, sau biyu na dubi tsagar da ke saman kan Inna na koma na zauna. Na ce wa kaina bari ya gama fangalin farko sai in je. Da na ji ya koma na biyu, na ce bari ya rage kaɗan. So nake ƙasar nan ta bar bangona, gaskiyar ke nan, kuma ina jin tsoron in na shiga kunya ta sa in ce ya bari. Rana ta take, shirun da ke tsakanin sara da sara ya riƙa tsawo. Ana kiran azahar saran ya ɗauke gaba ɗaya.

Na tarar da shi zaune a ƙasa, bayansa jingine da tulu, hauya a cinyarsa. Ya kwashe fangali ukun duka, ya ja ƙasar da buhu zuwa wancan gefen gidan. Albasar kuma ya ciro ta da ƙasar gindinta, ya zaunar da kowace a rabin bido, sahu guda. Na kira shi, na taɓa kafaɗarsa. Rawanin ya zame daga bakinsa, bai gyara ba.

Bayan la'asar aka kai shi makwancinsa. Na yi kuka, na girka abincin baƙi, na karɓi gaisuwa tare da Souwaiba kamar ƴar gida, kowa na yaba maƙwabtakata. Bango ya fara bushewa. Bahago ya zo ya ce an tsira, zai yi masa yaɓe.

Ran addu'ar bakwai, da mutane suka watse, na sami Souwaiba a tsakar gida da buta a hannu. Albasa huɗu sun langaɓe, biyar suna tsaye.

"Anti," ta ce ba ta juyo ba, "ranar nan, ba ki ji motsi ba?"

"Na ji, Souwaiba. Tun hantsi na ji."

Na jira ta zage ni, da ta yi da na ji sanyi. Sai ta shiga madafa ta fito da tasoshi, ta ɗaga kowane bido ta sa tasa a ƙarƙashinsa. Sannan ta durƙusa tana tsiyaya ruwa kaɗan kaɗan, tana leƙa gindi, kada ɗigo ɗaya ya taɓa ƙasa.