Aski Sai Bayan Layya

Mai aski ya gama da kan Dogo mai gadi, ya karkaɗe ƙyallen, ya ce, "Saura kai, Baba."

Sarkin Ƙofa bai motsa daga kan benci ba. Haka ma'aikata suke kiransa, don ya daɗe yana gadin kamfanin har ya san kowace mota da kukan hon ɗinta. Tun da sassafe sabon manaja ya sa aka kawo mai aski ɗakin masu gadi, wai masu kamfanin za su zo zagaye yau, ba ya son su tarar da kowa da kai kamar sheƙar tsuntsu. Duk sun miƙa kawunansu an kwashe. Saura furfurar tsohon, wadda ta leƙo ta ƙarƙashin hula ta kwanta a ƙeya.

"Ɗana, tattara kayanka," ya ce. "Ni sai bayan layya."

Kafin a ce kwabo magana ta kai ofis. Sai ga manaja ya sauko da kansa, yaro ne sabon jini, kwat ɗinsa ta sha guga, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa.

"Baba, me nake ji?"

"Yallaɓai, niyyar layya na yi. Tun da watan Zulhajji ya kama ban taɓa gashi ko farce ba. Jibi in na yanka, ko ƙwal kake so a yi mini."

"Jibi baƙin sun tafi. Kuma kar ka kawo mini wa'azi, ni ma na yi karatu. Abin nan ba farilla ba ne."

"Ni ma ban ce farilla ba ne."

"To mene ne na taurin kai?"

Tsohon yana da amsa, amma ba ta gaban yara ba ce. Kujerar hajji ɗaya 'yarsu ta iya biya musu bana, shi da matarsa. Suka yi ta turawa juna, shi ya ce uwar, uwar ta ce shi, har ya rantse a kan ita za ta tafi. Ranar tashi, a bakin filin jirgi, ta riƙe gefen rigarsa tana kuka kamar ba ita ce mai yi masa faɗa kullum a kan takalmi a tsakar ɗaki ba. Ya ce mata, "Ki je. Kina can cikin harami, ni ma ina nan ban sa aska ba, sai ranar da kika yanke naki." Yau da safe ta kira shi daga Mina. Bai ji rabin abin da ta ce ba, talbiyyar mutane ta cika wayar, shi kuwa ya tsaya a bakin ƙofa yana amsawa, hawaye na bin gemunsa. Bai je ba, amma wannan gashin shi ne ɗan rabonsa a cikin tafiyar, kuma yana jin sa har cikin ransa.

"Zan ja hular ta rufe," ya ce.

"Ƙeyar fa?"

"To a mai da ni ƙofar baya, inda ba mai ganina sai masu kwashe shara."

"Baba, ba ciniki na zo yi ba. Ko ka zauna a yi maka aski, ko ka ajiye kakin nan. Ga matasa can a waje suna neman aikin."

Dogo ya matso, kansa na sheƙi, ya yi ƙasa da murya. "Baba, don Allah ka rufa wa kanka asiri. Gashi ne fa, zai sake fitowa. A shekarunka wa zai ɗauke ka? Ga jikoki a gabanka. Allah ai Ya ga zuciya."

Maganar ta shige shi, don gaskiya ce. Marayun ɗansa biyu a hannunsa suke, kuma ciki ba ya jiran Sallah. Ya tashi a hankali, gwiwoyinsa na ƙara, ya zauna a kujerar. Mai aski ya cire masa hula, ya ɗaura masa ƙyalle a wuya. Manaja ya duba agogo. Injin askin ya fara kuka a bayan kunnen tsohon.

Sai ya kama hannun mai askin. Riƙon bai yi kama da na tsoho ba.

"Kashe."

Ya kwance ƙyallen da kansa, ya ninke, ya miƙa masa. Ya ciro usur daga aljihu, ya ɗora a kan hula, ya ɗora makullai a sama. Ya tuɓe rigar kaki ya rataye a ƙusarta, ya zura tasa ta gida.

"Yallaɓai, na yi azumi a bakin ƙofar nan, na yi Sallah a bakinta saboda kamfanin nan, ban taɓa cewa uffan ba. Kwana goma ne a shekara da Allah Ya fi son aikin ibada a cikinsu. Na ba kamfani sauran. Waɗannan ba na sayarwa ba ne."

"Kar ka dawo kana roƙona," in ji manaja.

Tsoro na nan a cikin tsohon, bai je ko'ina ba. Bai san me zai gaya wa 'yarsa ba, balle uwar in ta dawo. Ya ratsa harabar kansa a buɗe, yana kabbara, da farko a hankali, daga baya da ƙarfi har masu shara suka ɗago suna kallonsa.

Yana isa ƙofa motocin baƙin suka iso, suka danna hon. Masu gadi duk suna ɗaki, gashi a kafaɗunsu.

"Baba!" manaja ya ƙwala daga nesa, yana gudu da makullai a hannu. "Baba, wanne ne na babban kwaɗon?"

Sarkin Ƙofa ya buɗe ƙaramar ƙofar masu tafiya a ƙasa, ya fita, ya gaida direban motar gaba, ya ce masa su ɗan yi haƙuri, mai buɗewa na zuwa.